Ƙarfe Huɗu da Minti Biyu

Duk wanda ya yi aiki a shagon intanet a farkon shekarun 2000, akwai warin da hancinsa ba zai manta ba, warin ƙurar da ta kwanta a ƙeyar allon kwamfuta ta gasu. Allunan wancan zamanin manya ne masu tudun baya, in sun wuni a kunne sai ka ɗora hannu ka ji zafi rau. Ƙurar hunturu ta shiga ta ramukansu ta toye a hankali, ta haɗu da hayaƙin janareta da ke kutsowa ta taga, da maganin sauron da muke kunnawa a ƙarƙashin tebur, da turaren da samari suka fesa kafin su tafi tarawihi. Har yau in na wuce wurin masu gyaran talabijin na shaƙi irinsa, sai in ga ƙafata ta rage sauri da kanta.

Shagonmu a kan titin gidan Zoo yake a Kano, a saman bene, ƙasansa mai shayi da mai facin taya. Mai shi wani Alhaji ne ɗan Kantin Kwari, atamfa da shadda ya gada ya kuma iya. Bai taɓa aika wasiƙar imel ba, amma ya ji an ce akwai kuɗi a harkar sai ya zuba jari. Aka kafa farantin tauraron ɗan'adam a kan rufi, aka jera kwamfutoci goma sha biyar a zaure, tsofaffin Turai da aka sauke a Ikeja. Ni aka ba wa makulli. Ni ke sayar da tikiti, ni ke zuba wa janareta mai, ni ke buɗe wa mutane akwatin Yahoo mai cin megabait 4 kacal. In ta kama kuma in zauna in rubuta wa dattijo wasiƙa zuwa ga ɗansa da ke karatu a Khartum, yana faɗa ina bugawa, gaisuwa ta cinye rabin tikitin kafin a kai ga maganar kuɗin makaranta.

A can ƙurya akwai wani ɗan ɗaki da ba mai shiga sai ni. Nan saba take, kwamfutar da duk sauran ke bi ta cikinta su fita duniya. Girman nata a suna ne kawai: Pentium III ce, ram ɗinta megabait 256. Wani injiniya da ya zo daga Legas tare da farantin shi ya ɗora mata Linux, Red Hat 9, daga faifan sidi uku, ya karɓi kuɗinsa, ya bar mana lambar wayar da ba ta taɓa shiga ba. A cikinta akwai manhaja mai suna Squid, wadda ita ce rufin asirin shagon. Hanyar tauraro ga tsada ga ƙunci, saboda haka duk shafin da wani ya buɗe, da hotunansa da tambarinsa, sai Squid ta ajiye kwafi a faifan ajiya. In na biyu ya nemi shafin nan, ba sai an je Amurka ba, daga ɗakin ƙurya za a miƙo masa. Ba don ita ba, da tambarin Yahoo kaɗai ya isa ya cinye ribar Alhaji.

A watan Nuwamban 2003 abubuwa biyu suka haɗu. Ana cikin azumi, sannan a shekarar ne Amurka ta daina karɓar takardar cacar biza ta gidan waya, ta ce sai ta intanet. Bayan tarawihi sai matattakalar ta cika, 'yan makaranta, 'yan acaba, ma'aikata, har da waɗanda da rana za su rantse maka ba abin da zai kai su ƙasar Bush, kowa riƙe da ɗan hotonsa a ambulan, suna ba juna fatawar cewa ai ba caca ba ce tunda ba a zuba kuɗi. Muka buɗe tikitin kwana, daga goma na dare zuwa asuba, don da dare hanyar ta fi sakewa. Mutane su zo da kunun tsamiya a fulas da ragowar ƙosai a leda, su yi sahur a gaban allo. Sautin dararen nan yana kunnena: gurnanin janareta, ƙarar kibod, kukan yufiyes in wuta ta yi wasa, da ƙararrawar Yahoo Messenger da samari ke girgiza wa 'yan matan da ba su taɓa gani ba.

A cikin watan ne sabar ta tsiri wata ɗabi'a. Ƙarfe huɗu na dare in ta gota, daidai lokacin da masu buga gwangwani ke zagaya unguwa suna tashin mutane sahur, sai in jiyo faifan ajiya ya fara ƙara daga ɗakin ƙurya, ƙurrr, ƙurrr, ba tsayawa. 'Yar jar fitilar da kullum ke ƙyaftawa ta tsaya cak a kunne. In na taɓa kibod, harafin ya yi minti bai fito ba. Can sai ƙarar ta yanke, injin ya dawo hayyacinsa kamar ba shi ba, amma intanet ta tafi. Kuma ba kullum take tafiya iri ɗaya ba. Wani daren mai hira a Messenger yana ta hirarsa, na kusa da shi kuwa ko shafi ɗaya ya ƙi buɗuwa. Wani daren komai ya tsaya, ya dawo, ya sake tsayawa. Daga nan kira ya tashi ta ko'ina, "Oga, netwok! Oga, lokacina yana tafiya!" Mutumin da ya cika fom har ya kai layin ƙarshe, ga yunwar gobe na jiransa, ba a ba shi haƙuri da baki. Sai da kuɗi.

Kowa ya kawo nasa bayanin. Mai shayi ya ce lokacin fitar mutanen ɓoye ne, dama an ce a kan tsohuwar rijiya aka gina benen. Wani ɗalibi ya ce ƙwayar cuta ce, don a Agustan shekarar Blaster ta yi ta kashe kwamfutocin Windows XP tana ƙirga musu daƙiƙa 60. Amma ita Windows take ci, ba ruwanta da ɗakin ƙurya. Alhaji ya ce masu tauraro ne ke cutarsa, kamar yadda yake zargin duk wanda ya taɓa ba shi rasit. Masu gyara suka ce ram ce ta gaji. Aka zaro ta aka goge haƙoranta da abin goge fensir, aka hure ƙura, aka bar Memtest86 ya wuni yana jera lambobi a shuɗin allo, bai sami aibi ko ɗaya ba. An canja fanka. An canja sitabilaiza. Huɗu ta yi, faifai ya soma kukansa.

Cikin masu tikitin kwana akwai wani malamin jami'a mai furfura a gemu, da ke zuwa sauke takardun bincike. Ba ya cikin masu ihu. Wani dare da abin ya faru ya taso da kofinsa a hannu ya tsaya a bakin ɗakin.

"Samari, me injin ya ce?"

"Malam, ai ba ya cewa komai. Shiru kawai yake yi."

"Linux ba ya yin ɓarna ya ƙi rubutawa. Ja min kujera."

Ya buga dmesg, sannan ya buɗe /var/log/messages, kundin da tsarin ke rubuta duk abin da ya same shi da ranarsa da sa'arsa. Ya sa yatsa a kan wani layi: Out of Memory: Killed process, sai lamba, sai suna. Ya ja sama, ga na jiya. Ga na shekaranjiya. Duka tsakanin huɗu da huɗu da rabi. Memori ya ƙare, in ji layin, an kashe wane. Mai kisan kuma ba baƙo ba ne, kenel ne da kansa, wanda ke raba wa kowace manhaja memori da lokaci. A cikinsa akwai wani sashe da masu shi ke kira OOM killer, wanda ba ya motsi sai ram ta cika, suwaf, wato filin da aka ware a faifai don karɓar rarar ram, shi ma ya cika, an matse duk abin da za a matse ba a sami ko shafi ɗaya ba. Malam ya ce, "Hauni ke nan." Sunan ya bi shi har aka rufe shagon.

Na tambaye shi, me ya hana kenel ya ce babu tun farko? Ya ce manhajoji haɗamarsu a baki take, su nemi fili mai yawa su yi amfani da kaɗan. Linux ya san halinsu, in sun nema sai ya ce an ba ku, amma ba ya miƙa ainihin shafin memori, mai kilobait 4, sai ran da manhaja ta zo rubutu a kansa. Haka kuma in babbar manhaja ta haifi 'yar aike, a ƙa'ida 'yar kwafin uwar ce sukutum. Maimakon a ware mata sabon fili daidai da na uwar, sai a bar su su yi tarayya, shafin da ɗaya ta canja kaɗai ake kwafa. Da wannan dabarar ƙaramin inji ke ɗaukar kayan da ya fi ƙarfinsa, kuma yawancin ranaku lafiya lau ake kwana. Sai ranar da kowa ya zo karɓar abin da aka yi masa alkawari. A lokacin an wuce wurin cewa babu, don an riga an ce akwai.

Da na kai wa Alhaji wannan bayani a Kwari, yana kishingiɗe yana jan carbi, ya saurara har na gama.

"Wato dila ɗaya gare shi, ya karɓi kuɗin mutum uku, yana fatan biyu ba za su zo ɗauka ba?"

"Kusan haka ne, ranka ya daɗe."

"To in duk sun zo fa?"

"Sai ya kashe ɗaya."

Ya ajiye carbin. "Kai, yaro. Ko a kasuwar nan ba mu kai nan ba."

Yadda Hauni ke zaɓen wanda zai kashe shi ya fi tsaya min a rai. Rik van Riel, ɗan ƙasar Holan, ya rubuta shi, yana cikin jerin kenel 2.4 da ya fito a Janairun 2001. Malam ya buga min fayil ɗin a firinta, oom_kill.c, 'yan shafuka ne ba yawa. Kowace manhaja ana ba ta makin mugunta. A fara da yawan memorin da ta kama. Sai a rage mata gwargwadon aikin da ta riga ta yi da daɗewar da ta yi a raye, don kada a zubar da wahalar da aka sha. In tana aiki da ikon mai gida, wato root, a raba makinta huɗu. In tana taɓa ƙarfen inji kai tsaye, a sake rabawa huɗu. In kuwa mai kawaici ce, wadda aka ce ta riƙa bari wasu su wuce gaba, sai a ninka makinta biyu. Wannan kam na daɗe ina jin haushinsa. Wadda ta fi maki a aika mata sigina ta 9, wadda ba a karewa, ba a roƙo, ba a ko samun damar rubuta sallama. Shi ya sa kundin Squid na kanta bai taɓa nuna mana komai ba. Tana cikin magana ake yanke ta.

Wannan lissafin ya warware mana bambancin dararen. Squid ce ta cinye memorin, amma ta wuni ta kwana tana aiki tuƙuru, aikin ya rage mata maki. Sai Hauni ya tsallake ta ya faɗa kan wata 'yar manhaja mai suna named, wadda ba ta ci ba ba ta sha ba, aikinta kawai ta mayar da sunan shafi lambar da injuna ke ganewa. In ta mutu, wanda ya riga ya haɗu da abokin hirarsa yana nan a haɗe, amma sabon shafi ba ya buɗuwa, don babu mai nuna hanya. Abin da ta bari kuma bai taka kara ya karya ba, a jima kaɗan a sake neman wani. In layi ya zo kan Squid, da zarar an sake tayar da ita sai ta fara loda lissafin rumbunta daga faifai, ta kumbura, ga shi yanzu sabuwar haihuwa ce ba ta da daɗewar da za ta cece ta, a sake sare ta. Sunan da ke jikin layin kisa ba lallai shi ne mai laifi ba. Sau da yawa wanda aka samu ne kawai.

Saura tambaya ɗaya, me ya sa ƙarfe huɗu? Malam bai amsa ba, ya ce in buɗe /etc/crontab. Ga shi nan a rubuce, 02 4. A Red Hat na wancan lokacin, kullum ƙarfe huɗu da minti biyu na dare ake sakin ayyukan share-share, a juya kundaye, a zagaya faifai kaf a sabunta jerin sunayen fayiloli. Waɗanda suka tsara haka sun zaɓi lokacin da suke ganin duk mai hankali yana barci. Ba su san da tikitin kwana ba, ba su san da sahur ba. Daren da ya biyo muka zauna mu biyu da fulas ɗin shayi, muka kunna vmstat yana zubo layi duk bayan daƙiƙa biyar. Huɗu saura, ginshiƙan si da so, masu nuna abin da ake kwasowa daga suwaf da abin da ake turawa can, suna ɗan motsi. Huɗu da minti biyu aka saki ayyukan, updatedb, mai sabunta jerin sunayen fayilolin nan, ya shiga rumbun Squid yana ƙirga fayiloli ɗaya bayan ɗaya, kenel na riƙe bayanin kowanne a memori, lambobin suka haura, faifai ya ɗauki kukansa. Ashe kukan nan kai-komo ne: a fitar da shafi a sa a faifai don a sami wuri, kafin a juya an sake bukatarsa, a dawo da shi a fitar da wani. Inji na gumi, ba aikin da ke ci gaba. Ban taɓa jin daɗin ganin abu ya lalace a gabana kamar daren nan ba. Malam ya kurɓi shayi ya ce, "To, ga aljaninku."

Amma updatedb ƙarasawa kawai ya yi. Asalin ciwon yana cikin squid.conf. Alhaji ya sayi faifai mai gigabait 40, injiniyan kuma, don ya burge shi, ya ba Squid 30 daga ciki ta yi rumbu. Duk abin da Squid ta ajiye a faifai tana riƙe da ɗan bayaninsa a ram don ta san inda yake, kuma ƙiyasin da masu ita suka bayar kimanin megabait 10 ne na ram ga kowane gigabait ɗaya na rumbu. Talatin sau goma, ɗari uku. Injin gaba ɗaya 256 gare shi. Ga wani layi, cache_mem, da aka sa wa 128 da zaton shi ne iyakar abin da za ta ci, alhali kaso ne daban da ake ɗorawa a kan wancan. Watannin farko rumbun bai cika ba, shi ya sa aka zauna lafiya. Taron cacar biza ne ya cika shi. Cinikin da Alhaji ke murna da shi da dare, shi ke kashe masa shago kafin asuba.

Maganin bai ci kobo ba, wannan ne ma ya sa Alhaji ya ƙi yarda da shi da farko. Muka rage rumbun zuwa gigabait 8, muka sauke cache_mem, muka hana updatedb shiga wurin, muka mayar da share-sharen zuwa hantsi, lokacin da masu azumi ke ramuwar barci shago ba kowa. A /etc/inittab muka mayar da 5 ta koma 3, sabar ta bar hotuna ta koma baƙin allo da farin rubutu, don ba mai kallonta sai ni. "Na sayi arba'in, ka ce in ci takwas?" in ji Alhaji. "Sauran fa, na wane ne?" Na ce ranka ya daɗe, sauran na zaman lafiya ne. Bayan Sallah, da ya ga an daina mayar wa mutane kuɗi, shi da kansa ya aiko yaronsa da ƙarin ram 256 a naɗe cikin ƙyallen shadda.

Ashe ba mu kaɗai Hauni ya hana barci ba. A ƙarshen watan nan na Nuwamban 2003, da aka fitar da kenel 2.4.23, cire shi aka yi ɗungurum, aka koma kashe duk wanda tsautsayi ya kawo neman memori a daidai lokacin da ya ƙare. Ba a jima ba aka dawo da shi ga mai so. A jerin 2.6 mai inji na iya hana alkawarin da ya wuce ƙima in ya sa 2 a vm.overcommit_memory, sai dai a nan manhajoji kan fara jin babu alhali ga ram a zaune. A 2010, a kenel 2.6.36, David Rientjes na Google ya sake rubuta lissafin. Aka zubar da ladan daɗewa da tarar kawaici, aka koma kan tambaya ɗaya, kaso nawa na memori ka riƙe, tare da oom_score_adj, daga -1000 zuwa 1000, don mai inji ya sa baki. Ya fi sauƙin ganewa, ba musu, kuma da shi ne a sabarmu, da Squid za a fara sarewa tun daren farko mu huta da zargin aljanu. Amma ni dai ina ɗan kewar tsohon lissafin nan mai ganin girman wanda ya daɗe yana wahala. Wataƙila furfura ce ke magana. Shekarun da suka biyo saƙon kisan ma har cewa yake a kashe wane ko a yi hadaya da ɗansa. Wani abokin aikina ya karanta ya ce shi dai ba zai kwana ɗaki ɗaya da injin nan ba.

Shagon bai mutu da hayaniya ba. Modem na sokawa a kwamfuta suka zo, sannan wayoyi masu intanet, matattakalar ta riƙa yin shiru, har ya rage sai masu duba sakamakon jarrabawa da masu buga takardar neman aiki. Alhaji ya sayar da kwamfutocin, farantin ya yi tsatsa a rufi, Malam ya yi ritaya ya koma garinsu. Yau wayar da ke aljihun ɗan adaidaita, mai gigabait 4, ta ninka sabarmu ta farko sau goma sha shida, kuma Android ɗin da ke cikinta a kan kenel ɗin Linux yake zaune. Kisan ma bai tsaya ba. Ka bar manhaja ka je ka ɗauki hoto, ka dawo ka tarar ta fara daga farko, an sare ta ne a bayan idonka don a ba kyamara wuri. Sai dai yanzu ba faifan da zai yi kuka, ba mai ihun a mayar masa da kuɗi. Mutum ya yi tsaki ya ce wayar ta tsufa.

Ɗan ƙanwata yana yi wa wani kamfani aiki daga ɗakinsa a Kaduna. Injunan da yake kula da su suna Jamus, bai taɓa jin ɗuminsu a tafin hannu ba. Manhajojinsa kowace a akwatinta take, da iyakar memorin da aka yanka mata, dabarar da ta shigo kenel a 2008 da sunan cgroups. Wadda ta haura iyakarta Hauni zai ziyarce ta ko da injin na da sarari fal. Kubernetes, mai kula da akwatunan, ya rubuta OOMKilled da lamba 137, ya tayar da wata a madadinta kafin a ƙifta ido. Da na leƙa allonsa na ga lambar sai na yi murmushi, 128 ne da 9, tsohuwar siginarmu ce.

"Ka duba me ya cinye memorin?"

"Kawu, ai ba sai an duba ba. Ninka iyakar zan yi."

"In ta cinye ninkin fa?"

"Sai in ƙara, Kawu. Kamfani ke biya."

Ban ga laifinsa ba. Injuna barkatai ne a wuyansa, ni ɗaya na yi reno, kuma da Alhaji ya saki kuɗin ninkawa a wancan watan da ni ma ban san vmstat ba. Rashi ne ya zaunar da mu a gaban allo har muka iya karanta abin da inji ke faɗa. Masu kenel ma ba su zauna ba. Tun 2018, a 4.20, akwai ma'aunin da ke nuna yawan lokacin da manhajoji ke ɓatawa suna jiran memori, kuma irin su systemd-oomd, da Fedora ta kunna a 2021, da shi suke aiki su yi kisan da wuri tun inji bai sandare ba. Abin da muka riƙa ji da kunne yanzu an mayar da shi lamba. Ci gaba ne, na sani. Sai dai ba na jin akwai wanda zai zauna nan gaba yana ba jikokinsa labarin daren da ya fara ganin lambar nan.

Ku 'yan baya masu wannan sana'a, in manhajarku ta ɓace ba sallama, kafin ku nemi a ƙara muku ram ku buga dmesg -T ko journalctl -k. Kenel na yanzu ya fi na zamaninmu surutu: yana faɗin wadda ta nemi memori aka rasa, yana faɗin ko injin ne ya cika ko iyakar akwati ce, sannan ya jera manhajojin da ke raye a lokacin da abin da kowace ta riƙe. Ku bi jerin nan a hankali, ku kuma dubi agogo ku binciki abin da ke tashi a wannan sa'ar. A jerin, lambobin da ke ƙarƙashin rss shafuka ne, ba kilobait ba. A yawancin injuna sai kun ninka da huɗu.